KIWON LAFIYA: Ƙurji a al'aura, da dalilin da ya sa ɓacewarsa ba ta nufin an warke

Akwai ciwon da mutum zai tashi da shi da safe, kafin hantsi unguwa duka ta ji, ana ta shigowa yi masa sannu. Akwai kuma wanda zai gani a banɗaki lokacin tsarki ko wanka, ya ja bakinsa ya tsuke, ko wanda suke kwana ɗaki ɗaya ba zai ji ba. Ƙurji ko tsiro ko miki a al'aura yana sahun gaba a wannan rukuni na biyu. Namiji zai shafe makonni yana haska wurin da fitilar waya, mace kuma ta dinga zama cikin ruwan ɗumi da bagaruwa, tana fatan a wayi gari babu shi. Idan abin ya ƙi tafiya, sai a lallaɓa kemis bayan sallar isha'i, a sassauta murya a ce a ba da maganin sanyi.

Daga wannan kalma ta "sanyi" ruɗanin yake farawa. A bakin jama'a ƙaiƙayin gaba sanyi ne, fitar farin ruwa sanyi ne, zafin fitsari sanyi ne, ciwon mara da ciwon baya da raunin mazakuta da rashin haihuwa duk sanyi ne. A ilimin likitanci kuwa babu cuta guda mai wannan faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta lissafa ƙwayoyin cuta sama da 30 da ake iya ɗauka ta hanyar jima'i, takwas daga cikinsu su ne suka fi addabar mutane. Huɗu ana warkewa daga gare su sarai: tunjere, wato sifilis, da gonoriya, da kilamidiya, da tirikomonas. Sauran huɗun na bairos ne: HIV, da ciwon hanta nau'in B, da hapis, da HPV. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sabon kamu miliyan 374 na waɗancan huɗu da ake warkewa, tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, wato sama da miliyan ɗaya a kowace rana. Kowace da ƙwayarta, kowace da maganinta. Wanda ya shiga kemis ya ce a ba shi maganin sanyi bai bambanta da wanda ya ce a ba shi maganin rashin lafiya ba.

Ba kowane ƙurji ne cutar jima'i ba

Ya kamata a fara da wannan, domin fargaba ta kan hana mutane da yawa barci a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Fatar al'aura fata ce kamar ta ko'ina, tana da gashi da ramukan gumi da na maiƙo, ga zafi da damshi da gugar tufafi. Mai aske gashin mara da reza yakan ga ƙananan ƙuraje masu jan gindi bayan kwana biyu ko uku, wani da ɗan farin kai, wani da gashi a naɗe cikinsa. Ramin gashi ne ya kumbura, kuma yakan lafa da kansa idan aka bar matsa shi. Maruru ma yana fitowa a matsematsi kamar yadda yake fitowa a hammata.

Wasu mazan suna da ƙananan tsirrai masu kama da ƙwayar gero, jere reras a kewayen kan kaciya, ba zafi ba ƙaiƙayi. Halitta ce, ba a ɗaukarsu daga kowa, ba a kuma shafa wa kowa. Haka ɗigo-ɗigon fari ko rawaya da kan bayyana a fatar mazakuta ko leɓɓan farji: ramukan maiƙo ne da suka fito fili. A gefen ƙofar farji kuma akwai wasu ƙananan jakunkuna biyu masu samar da damshi. Idan hanyar ɗaya ta toshe sai ta kumbura kamar ƙwai, idan kuma ta yi mugunya mace ko zama ba ta iyawa. Wannan yana buƙatar asibiti, amma ba hujja ba ce cewa an ɗauko wani abu daga waje.

Ƙazuwa tana son wannan wuri, musamman ga maza, inda take barin ƙulle-ƙulle masu tsananin ƙaiƙayi da dare a maraina da mazakuta. Ana ɗaukarta ta jima'i, ana kuma ɗaukarta ta shimfiɗa da cunkoson ɗaki, shi ya sa take yawa a makarantun kwana da tsangayu da gidajen gyaran hali. Akwai kuma molaskam, ƙananan ƙuraje masu santsi da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya, waɗanda yara kan samu ta wasa da tawul, manya kuma ta haɗuwar fata da fata.

Matsalar ita ce mai ƙurjin ba shi da hanyar rarrabe waɗannan da masu haɗari. Hotunan intanet ba sa taimakawa sosai, domin akasarinsu na farar fata ne, kuma abin da ya fito ja a can yakan fito baƙi-baƙi ko ruwan toka a fatarmu. Ko likita mai gogewa yakan duba ya ce sai an yi gwaji.

Tunjere: wanda ke zuwa shiru ya tafi shiru

Idan akwai dalili guda da ya isa ya tashi mutum zuwa asibiti, to wannan cuta ce. Kakanninmu sun san ta, sun ba ta suna, amma a yau da wuya ka ji matashi ya ambace ta, kamar ta shuɗe tare da agana. Ba ta shuɗe ba. WHO ta ƙiyasta cewa manya miliyan 8 ne suka kamu da ita a shekarar 2022.

Bayan ƙwayar cutar ta shiga jiki, yawanci da kimanin mako uku, wani lokaci kwana 10, wani lokaci har kwana 90, sai ɗan ƙurji ya fito daidai inda ta shiga. Ya fashe ya zama miki guda, kewayayye, mai tsabta, mai taurin gefe idan an taɓa. Sau da yawa kaluluwa takan tashi a matsematsi. Abin da ke yaudarar mutane shi ne mikin ba ya zafi. Ga mace kuma yana iya kasancewa can ciki a bakin mahaifa, inda ba za ta taɓa ganinsa ba. Yana iya fitowa a dubura ko a baki.

Cikin mako uku zuwa shida mikin zai warke, ko an sha magani ko ba a sha ba. A nan ne mai tallar magani da lasifika a bakin tasha yake samun shaidarsa ta gaskiya: an sayi gora guda, an sha, miki ya ɓace, sai a kawo masa aboki. Alhali da ruwan randa aka sha, haka zai ɓace. Ƙwayar cutar ta bar fata ne ta bi jini.

Bayan makonni ko 'yan watanni sai mataki na biyu ya zo da ƙuraje a jiki waɗanda galibi ba sa ƙaiƙayi, har a tafin hannu da tafin ƙafa, wuraren da ƙurajen yau da kullum ba su cika zuwa ba. Za a iya samun zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, zubewar gashi wuri-wuri, da wasu faffaɗan tsirrai masu damshi a al'aura ko dubura, waɗanda suke cike da ƙwayar cutar. Mutum zai sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ya ƙara da na taifot, alamun su sake ɓacewa. Daga nan cutar takan kwanta shekaru ba motsi, gwajin jini ne kaɗai ke nuna ta. A cikin waɗanda ba a yi wa magani ba, wani kaso yakan ga dawowarta bayan shekara 10 zuwa 30, ta taɓa babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, ko ƙwaƙwalwa, ko laka, ko ƙashi. Ido da kunne kuwa tana iya taɓa su a kowane mataki. A lokacin babu mai tuna ɗan mikin da ya fito a ƙuruciya, sai a ce hawan jini ne, ko tsufa, ko jifa.

Wanda ya fi kowa shan wahalarta shi ne ɗan da ke ciki. Ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta kama jariri, ta jawo ɓari, ko haihuwar ɗa ba rai, ko bakwaini, ko jaririn da zai mutu cikin kwanakin farko. Ƙiyasin WHO na 2022 ya nuna jarirai kimanin 700,000 aka haifa ko aka rasa da wannan cuta a duniya. Matar da ciki ke yawan zube mata, ko take haihuwar 'ya'ya suna komawa, kafin a ce wabi take yi ko a ɗora wa iska, ya kamata a tambaya ko an taɓa yi mata wannan gwaji ita da mijinta. Dalilin da ya sa ake so kowace mai juna biyu ta yi shi tun zuwanta na farko awon ciki ke nan, kuma yanzu akwai abin gwaji guda da ke duba HIV da tunjere tare, da ɗigon jini daga yatsa, cikin mintuna kaɗan.

Abin takaicin shi ne maganin ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba. Tun 1943 aka tabbatar penisilin yana kashe wannan ƙwaya, kuma har yau bai daina ba. Idan cutar ba ta daɗe ba, allura guda ta benzatin penisilin a ɗuwawu ta wadatar. Idan ta daɗe, ko ba a san lokacin da aka kamu ba, allura uku ce, mako-mako. Wasu kan yi zazzaɓi da ciwon jiki cikin awa 24 bayan allurar farko saboda mutuwar ƙwayoyin cutar, abin kuma yakan wuce. Wanda ya san jikinsa ba ya karɓar penisilin sai ya faɗa tun kafin a zuƙo allura.

Masu ɗurar ruwa da masu kama da zankon zakara

Hapis akasin tunjere ne wajen zafi. Yakan fara da jin ƙuna ko tsikari a wurin, sai ƙananan ƙuraje masu ɗurar ruwa su fito a cure, su fashe su bar mikuna masu raɗaɗi, har fitsari ya zama azaba. Karon farko ya fi tsanani, da zazzaɓi da kaluluwa, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Bayan nan bairos ɗin yakan koma ya ɓuya a jijiya, ya dinga leƙowa lokaci-lokaci, musamman idan jiki ya yi rauni. Alƙaluman da WHO ta fitar a 2024 sun ce mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da shi a al'aura, fiye da mutum ɗaya cikin biyar, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Ɗan'uwansa shi ne ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, kuma na leɓen yana iya sauka ƙasa idan baki ya taɓa al'aura.

Babu maganin da ke fitar da shi daga jiki, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinka yake so. Amma asiklobir da danginsa suna gajarta kwanakin ciwon, suna rage zafi, musamman idan an fara sha da wuri, kuma mai yawan samun dawowarsa ana iya ɗora shi a kan magani na kullum. Galibi dawowar tana raguwa da shekaru. Masu shi suna aure, suna haihuwa lafiya. Inda ake taka-tsantsan shi ne ƙarshen ciki: mace da ƙurajen suka fito mata dab da haihuwa, musamman a karon farko, dole ungozoma ko likita su sani, domin bairos ɗin yana iya hallaka jariri, kuma wani lokaci tiyata ce mafita.

Tsirran da HPV ke kawowa kuwa ba su cika zafi ba. Sukan fito ɗaya-ɗaya ko a tare, masu laushi, masu kaushin kai, har likitocin da suka yi karatu da Faransanci, kamar na Jamhuriyar Nijar, suna kiransu da sunan da ke nufin zankon zakara. HPV iri-iri ne. Nau'i na 6 da na 11 su ne ke haddasa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan tsirrai, nau'i na 16 da na 18 kuma su ke da alhakin kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ma'ana, tsiron da ake gani ba shi ne zai rikiɗe ya zama sankara ba. Sai dai hanyar da wannan ya shigo ita ce hanyar da wancan ke bi, kuma wancan ba ya nuna alama sai ya yi nisa. Don haka matar da aka samu da tsiron ta nemi a duba mata bakin mahaifa. WHO ta ba da shawarar fara wannan dubawa daga shekara 30, ga mai ɗauke da HIV kuma daga 25.

A asibiti ana cire tsiron ta hanyar daskarar da shi, ko ƙona shi da wani sinadari ko na'ura, ko yanke shi, kuma yakan dawo a sake cirewa kafin garkuwar jiki ta ci ƙarfinsa. Wasu magungunan shafawar ba su halatta ga mai juna biyu ba. Ɗaure tsiro da zare, ko ɗiga masa ruwan batir, ko kai wa wanzami ya sa aska, ƙarshensu ƙuna ne da tabo da zubar jini, bairos ɗin kuma yana nan a fatar da ke kewaye.

A watan Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin jerin alluran da ake yi kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura guda. Ƙasar da a 2020 aka ƙiyasta mata 12,000 sun kamu da sankarar bakin mahaifa, 8,000 suka rasu, bai kamata iyaye su bar jita-jitar WhatsApp ta yanke musu hukunci a kan wannan ba.

Biyu da ake yawan mantawa

Ƙyandar biri ta sake ɓulla a Najeriya a watan Satumbar 2017, daga Jihar Bayelsa, bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba, kuma tun a lokacin likitoci suka lura da yawan masu ƙurajen a al'aura. A 2022 ta bazu a duniya, galibi ta haɗuwar jiki, har WHO ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, ta kuma sake ayyanawa a watan Agustan 2024. Ƙurajenta masu tauri ne, masu zurfi, masu zafi, sukan yi ruwa su yi mugunya su yi ɓawo, tare da zazzaɓi da kaluluwa. Ana shafa wa mutanen gida ta fata da zanin gado har sai ɓawon ya zube, shi ya sa hukumar NCDC ke so a kai rahoton duk wanda ake zargi.

Ta biyun ta fi kusa da mu. Tsargiya, wadda aka fi sani da fitsarin jini ga yara maza masu wanka a kududdufi, tana kama mata ma, kuma ƙwayayen tsutsarta sukan maƙale a farji da bakin mahaifa. Sukan jawo ƙaiƙayi, fitar ruwa, jini bayan saduwa, mikuna, wani lokaci da tsirrai masu kama da na HPV. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ke fama da wannan a Afirka kudu da Sahara. Yarinyar da ta tashi tana wanki a rafi, ko matar da ke aikin shinkafa a fadama da wuraren noman rani, tana iya zuwa da alamun da kowa zai rantse cutar jima'i ce, alhali namiji bai taɓa kusantarta ba. Maganin tsargiya, firazikwantel, ƙwayoyi ne da ake sha a rana guda. Idan ma'aikacin lafiya bai tambayi tarihin shiga ruwa ba, mara lafiya ta faɗa da kanta.

Abin da maganin kan-kanta ke ɓatawa

Haɗin da aka saba bayarwa a kemis, kafso biyu na wannan, uku na wancan, a ƙulle a leda, ɓarnarsa ta fi ƙarfin asarar kuɗi. Antibayotik ba ya taɓa bairos, don haka mai hapis ko HPV ya sha a banza. Mai tunjere kuma yana iya shan abin da zai dusashe alamun bai kashe cutar ba, ya kuma rikita sakamakon gwaji. Gonoriya, wadda ita ce asalin abin da ake kira ciwon sanyi, ta riga ta bijire wa penisilin da tetarasaikilin da sifurofulozasin a ƙasashe da dama saboda irin wannan sha barkatai, har ta kai allurar seftiriyazon ce babban abin dogaro da ya rage. Man shafawar nan mai haɗin magani uku da ake shafa wa kowane ƙaiƙayi yana ɗauke da siteroyid, wanda ke kwantar da ja da kumburi na 'yan kwanaki, ya raunana garkuwar fatar, ya sauya kamannin ƙurjin har likita ya kasa gane shi. Wanke wurin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, ko kanwa, ko cusa haɗe-haɗen matsi, yana ƙona fata mai laushi ya haifar da mikin da da babu shi.

Miki a wannan wuri kuwa ƙofa ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mai ɗauke da hapis nau'i na biyu ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da HIV idan ya sadu da mai ita, tunjere ma tana buɗe wannan ƙofa.

Sai maganar "staf" da ta masai. Ɗakunan gwaji da yawa sukan miƙa wa mutum takarda an rubuta stafilokokus, masu magani kuma su ce ga tushen duk matsalarsa. Wannan bakteriya tana zaune lafiya lau a fata ko hancin kusan mutum ɗaya cikin uku, tana iya kawo maruru, amma ba ta cikin cututtukan jima'i, kuma ganinta a samfurin da aka ɗauka ba bisa ƙa'ida ba sau da yawa daga fata ta shiga. Haka nan ƙwayoyin tunjere da gonoriya ba sa daɗewa a raye a wajen jikin mutum, ba a kwasarsu a bakin masai. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo da mata ke ɗora wa banɗaki galibi kandida ce, wadda ciki da ciwon suga da yawan shan antibayotik ke tayarwa. A ganin mai wannan rubutu, labarin masai ya daɗe ne saboda yana rufa wa kowa asiri, amma rufin asirin da ke hana a gwada miji ba alheri ba ne ga matarsa.

Idan an je asibiti

Lokacin da ya fi dacewa a je shi ne lokacin da ƙurjin yake nan, kafin a shafa masa komai. Idan ana tsoron zai ɓace kafin ranar ganin likita, a ɗauki hotonsa don likita kaɗai, kada a tura wa wani zaure a Facebook ko WhatsApp neman shawara, domin hoton da ya fita ba ya dawowa. A tafi da kwalin duk maganin da aka sha, har da na gargajiya. A dakatar da saduwa har a san matsayi. Kwaroron roba yana rage haɗari ƙwarai, amma ba ya rufe dukkan fatar da hapis ko HPV ko tunjere ke iya zama.

Ba sai an fara da babban asibiti ba. Cibiyar lafiya a matakin farko ko babban asibitin ƙaramar hukuma suna iya gwajin HIV da tunjere, su tura mutum gaba idan ya cancanta. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri suna da likitocin fata da na mata da na mafitsara. Mace tana da damar neman mace ta duba ta, ko a samu ma'aikaciya a ɗakin yayin dubawa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe sirrin mara lafiya, wata dokar ta wannan shekarar kuma ta haramta nuna wariya ga masu HIV. Wanda yake jin nauyin asibitin unguwarsu saboda an san shi, babu laifi ya tafi na wata unguwa.

Za a yi tambayoyi masu nauyi: yaushe aka yi saduwar ƙarshe, da wa, mutum nawa, ta wace hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amsar ce ke nuna wa likita inda zai duba da gwajin da zai nema. Ana iya ɗaukar ruwan mikin da auduga, a ɗebi jini, a karɓi fitsari. Inda babu kayan gwaji, ƙa'idar da WHO ta amince da ita ta ba ma'aikacin lafiya damar yin maganin cututtukan da suka fi kawo irin wannan alama a lokaci guda, misali tunjere da hapis ga mai miki. Wannan ya sha bamban da haɗin kemis, domin an duba, an bi jadawali, an ba da cikakken adadi.

Sakamakon da ya ce babu komai ba kullum ne ƙarshen magana ba. Gwajin jinin tunjere yana iya fitowa babu a kwanakin farko na mikin, sai an maimaita bayan 'yan makonni. Gwajin HIV na gaggawa yana iya ɗaukar har wata uku kafin ya nuna sabon kamu. Akasin haka, wani nau'in gwajin tunjere yakan ci gaba da nuna akwai har ƙarshen rayuwa ko da an warke, don haka wanda aka taɓa yi wa allurar ya ajiye takardarsa. Gwajin kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, ya fi mayar da hankali ne kan HIV da ciwon hanta da rukunin jinin sikila. Takardarsa ba shaida ba ce cewa babu hapis ko HPV.

Maganar gida

Nan ne abin ya fi wuya, nan ne kuma magani ya fi lalacewa. Idan aka yi wa mutum ɗaya magani aka bar abokin shimfiɗarsa, cutar za ta dawo. A gidan da ke da mata biyu ko uku, miji da dukkan matan ne za a duba, ko da babu mai jin komai, domin kilamidiya da gonoriya sukan zauna a jikin mace shiru har su toshe hanyoyin ƙwai, daga baya a ce ita ce ba ta haihuwa, a yi mata kishiya, ita ma a shafa mata. Bayan magani akan ce a jira kwana bakwai, kuma sai miki ya warke, kowa ma ya kammala nasa, kafin a koma shimfiɗa.

Kafin a kai ga rantse-rantse da yaji da saki, akwai abin da ya kamata ma'aurata su ji daga bakin likita. Hapis da HPV da tunjere duk suna iya kwanciya watanni ko shekaru kafin su bayyana. Wanda aka fara ganin alamar a jikinsa ba lallai ne shi ya kawo ta ba, kuma fitowarta yau ba ta tabbatar da cewa jiya aka ci amana ba. A al'ummar da zawarawa maza da mata ke sake aure, cutar tana iya zama gadon auren baya. Wanda ba zai iya buɗe baki ya faɗa a gida ba, ya roƙi ma'aikacin lafiya ya kira su tare ya yi bayanin.

Idan a jikin yaro ko yarinya aka ga tsiro ko miki a al'aura, asibiti za a nufa, ba a tsaya tuhumar yaron ba. Sau da yawa ƙazuwa ce ko molaskam ko tsargiya, amma likita ne zai tantance ko akwai alamar cin zarafi. Duk wanda aka yi wa fyaɗe, babba ko yaro, akwai maganin kariya daga HIV da ake sha kwana 28, wanda dole a fara shi cikin awa 72.

Akwai kuma alamun da ba sa jiran wayewar gari: kasa yin fitsari, zazzaɓi mai zafi tare da ciwon mara ga mace, ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a ɗan maraina, kumburi mai saurin yaɗuwa da baƙin fata da wari musamman ga mai ciwon suga, da ƙuraje masu ruwa ga mai ciki da ta kusa haihuwa. Mikin da ya wuce wata guda bai warke ba duk da magani, ko tsiron da ke zubar da jini ko sauya launi, musamman ga wanda ya manyanta, ana yankar ɗan ƙaramin yanki daga jikinsa a kai ɗakin bincike, domin sankarar farji da ta mazakuta da haka suke farawa.